Dalilin da Ya Sa Data ke Saurin Ƙarewa a Sabuwar Waya

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a bakin masu amfani da wayar salula a Birnin Kebbi, tun daga rukunin gidajen Gesse har zuwa shagunan masu gyaran waya da ke cikin gari. Ƙorafin kuwa shi ne, mutum zai yi tanadi na wata da watanni, ya rabu da tsohuwar wayarsa, ya sayi sabuwa mai faffaɗar fuska, amma kafin mako ya kewayo sai ya tarar datar da a dā take kai shi ƙarshen wata ta ƙare ƙaf. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da ma'aikacin sakatariya, da dillalin shinkafa a Argungu, duk bakinsu ɗaya: kamfanin waya ne ke tauye musu mudu. Maganar ba ta tsaya a teburin mai shayi ba. A shekarar 2024 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta bayyana cewa saurin ƙarewar data da batun cire kuɗi su ne kan gaba cikin koke-koken da jama'a ke kai mata, har ta umarci kamfanonin da su gayyato masu bincike daga waje su duba na'urorinsu na lissafi.

Bincike irin wannan ya dace, domin duk inda ake awo ana bukatar mai sa ido. Sai dai ko da an tarar mudun kowane kamfani cike yake, ƙorafin ba zai gushe ba, saboda mafi yawan dalilinsa yana cikin yadda aka ƙera sabuwar wayar, da kuma yadda take mu'amala da hanyar da saƙo ke bi ya iso gare ta.

Abin da ake aunawa

Duk abin da waya ke aikawa ko karɓa, rubutu ne ko murya ko hoto, sai an mayar da shi jerin alamomi iri biyu kacal, wato sifiri da ɗaya. Kowace alama guda ana kiran ta bit, takwas daga cikinsu kuma su ne bait. Bait dubu su ne kilobait, kilobait dubu su ne megabait, megabait dubu kuma su ne gigabait ɗin da ake saye. A tsarin rubutun da intanet ta fi amfani da shi, harafin boko guda kamar "a" ko "m" bait ɗaya yake ci, amma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu bait biyu ne. Wannan ɗan bambanci yana da tasiri a gajeren saƙon tes: saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an saka harafi mai lanƙwasa ko da guda ɗaya ne, sai iyakar ta faɗo zuwa 70, abin da ya wuce haka a caje shi a matsayin saƙo na biyu. Ke nan mai kiyaye ƙa'idar rubutun Hausa ya fi wanda bai damu ba biyan kuɗi, lamarin da ya cancanci malaman harshe su sani.

Rubutu dai abu ne marar nauyi. Littafi mai shafi 200 wanda babu hoto a cikinsa bai wuce kilobait 400 ba, don haka gigabait ɗaya zai ɗauki irinsa kimanin 2,500, adadin da ya fi abin da mutane da yawa za su karanta a tsawon rayuwarsu. Murya ma da sauƙi, domin hirar minti ɗaya a tsohon tsarin GSM ba ta kai kilobait 100 ba. Inda gizo ke saƙar shi ne hoto, musamman hoto mai motsi.

Fuskar waya cike take da ƙananan ɗigogi masu haske da ake kira fiksel, kuma haɗuwarsu ce ke ba da hoton da ido ke gani. Bidiyon da aka rubuta masa 360p yana da ɗigo 640 a kwance da 360 a tsaye, jimilla 230,400. Na 720p yana da 921,600, wato ninki huɗu. Na 1080p yana da 2,073,600, ninki tara ke nan, shi kuwa wanda ake kira 4K ya haura miliyan 8, ninki 36 na farkon. Bugu da ƙari, bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, galibi 25 ko 30 a cikin daƙiƙa guda. Da za a aiko da bidiyon 1080p ɗanyensa, ba tare da an matse shi ba, da gigabait ɗaya bai kai daƙiƙa shida ba. Abin da ya sa kallo ya yiwu shi ne dabarar matsewa, inda na'ura ke aiko da abin da ya canza kawai daga wannan hoto zuwa na gaba. Saboda haka malami da ke zaune yana karatu a gaban bango ya fi wasan ƙwallo ko taron biki sauƙin data, ko da tsawonsu ɗaya.

Kamfanin YouTube ya bayyana saurin da yake ba da shawarar a samu domin kowane mataki: bit dubu 700 a daƙiƙa domin 360p, miliyan 2.5 domin 720p, miliyan 5 domin 1080p, sannan miliyan 20 domin 4K. Idan aka buga lissafin bisa waɗannan alƙaluma, kallon awa ɗaya zai iya kaiwa kusan megabait 315 a mataki na farko, gigabait 1.1 a na biyu, gigabait 2.25 a na uku, da gigabait 9 a na ƙarshe. Fim ɗin ɗaya ne, 'yan wasan su ne dai, awar ma ita ce, amma tsakanin 360p da 1080p an ninka kuɗin sau bakwai.

Wane ne ke zaɓar matakin?

A nan ne sabuwar waya ke shigowa. Ya kamata a fahimci cewa sauri shi kaɗai ba ya cin data. Takardar da nauyinta ya kai megabait 5, megabait 5 ce ko ta sauka a cikin daƙiƙa biyu ko a cikin minti goma, kamar yadda garwar ruwa ba ta ƙara yawa don an zuba ta da babban tiyo. Amma manhajojin kallo, irin su YouTube da Facebook da TikTok, ba nau'i ɗaya na bidiyo suke ajiyewa ba. Kowane bidiyo an tanade shi a matakai daban-daban, an kuma yayyanka shi gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙoƙi. Manhajar da ke cikin waya tana auna saurin layin a kai a kai, tana kuma la'akari da girman fuskar wayar, sa'an nan ta nemi mafi kyawun gutsuren da take ganin zai iso ba tare da tsaiko ba. Tsohuwar waya mai ƙaramar fuska da ke kan 3G, ƙaramin mataki ake aiko mata, domin shi ne iyakar ƙarfinta. Ranar da aka cire layin aka saka shi a waya mai 4G da fuskar 1080p, sai manhajar ta ga hanya ta buɗe, ta hau mataki na sama ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Dā can jinkirin layi shi ne ke tsare aljihun mai waya. A kan tsarin EDGE na zamanin 2G, idan aka samu bit dubu 200 a daƙiƙa, sai an shafe fiye da awa 11 ana saukewa ba tsayawa kafin gigabait ɗaya ya ƙare. A kan 4G mai ba da bit miliyan 20 a daƙiƙa kuwa, minti bakwai ma bai cika ba. Wanda a dā yake gajiya da jiran bidiyo ya buɗe har ya ajiye wayar, yanzu babu abin da zai tsayar da shi. Kafin ya gama kallon ɗaya, manhajar ta riga ta fara sauke na biyu da na uku, ko zai kalle su ko zai wuce. Masanin tattalin arziki na Ingila, William Stanley Jevons, ya lura da irin wannan tun a 1865, inda ya nuna cewa ingantuwar injuna masu amfani da kwal ba ta rage ƙona kwal a ƙasarsa ba, ƙara shi ma ta yi, domin abin da ya yi sauƙi an fi yawaita shi.

Makon farko na sabuwar waya kuma yana da nasa nauyin na daban. Wayar kan nemi sabunta babbar manhajarta, wanda sau da yawa yakan haura gigabait ɗaya. Duk manhajojin da ke kan tsohuwar sai an sake sauke su. Hotuna da saƙonnin WhatsApp na shekaru da aka adana a intanet su ma sai sun dawo. Daga nan sai kyamara ta karɓa. Hoton da kyamara mai fiksel miliyan 50 ta ɗauka ya ninka na tsohuwar waya nauyi sau da dama, idan kuma an bar saitin adana hotuna a buɗe, kowane hoton suna ko na ɗaurin aure zai hau intanet a asirce, kuma ɗorawa ma ana lissafa ta kamar yadda ake lissafa saukewa. Ga kuma zaurukan WhatsApp na dangi da na 'yan ajinmu da na unguwa, waɗanda ke sauke duk bidiyon da aka turo ko mai wayar na barci.

Wani ruɗani da ake yawan samu a wurin sayen waya shi ne na gigabait 64 ko 128 da aka rubuta a jikin kwali. Wannan girman rumbun ajiyar wayar ne, ba shi da alaƙa da datar da ake saye; girman rumbu ba ya ƙara damin da aka noma.

Me ya sa aka yi iyaka tun farko?

A shekarar 1991, wadda a cikinta aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, a cikinta ne kuma aka yi kiran farko a tsarin GSM a ƙasar Finlan. Sai bayan shekara goma tsarin ya iso Nijeriya. A watan Janairu na 2001 NCC ta yi gwanjon lasisi, inda kowane kamfani ya biya dalar Amurka miliyan 285, kuma a watan Agusta na shekarar MTN da Econet suka fara aiki, a ƙasar da layukan tarhonta gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Globacom ya biyo baya a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa. An ba da lasisin 3G a 2007, MTN ya ƙaddamar da 4G a 2016, sannan a Disamba 2021 MTN da Mafab suka sayi lasisin 5G a kan dala miliyan 273.6 kowannensu.

Abin da waɗannan maƙudan kuɗi suka saya shi ne izinin amfani da wani yanki na zangon rediyo. Mai sauraron rediyo ya san cewa tashoshin FM suna tsakanin megahaz 88 zuwa 108, kuma idan tashoshi biyu suka hau wuri ɗaya babu wadda za a ji. Waya ma ƙaramar rediyo ce mai karɓa da aikawa, tana magana da ƙarfen sabis mafi kusa da ita a zanguna irin su megahaz 900 da 1800 da 2100. A 1948 wani masanin lissafi na Amurka mai suna Claude Shannon ya tabbatar da cewa yawan bit ɗin da kowace hanyar sadarwa za ta iya ɗauka a daƙiƙa yana da iyakar da ba a ƙetarewa, kuma abu biyu ne ke yanke ta: faɗin zangon da aka mallaka, da kuma yadda ƙarfin saƙon ya rinjayi hayaniyar da ke kewaye da shi. Duk ci gaban da aka samu daga 2G zuwa 5G ƙoƙari ne na kusantar wannan iyaka, da faɗaɗa zango, da ƙara yawan eriya.

Muhimmin abin lura shi ne, wannan ƙarfi na ƙarfen sabis ne, ba na kowace waya ba, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa rabawa suke yi. Manoman rani na fadamar Argungu sun san irin wannan lissafi: ruwan da ya rage a gulbi bayan damina ƙayyadadde ne, kowa kuma ya kafa injin ban-ruwansa a bakinsa, idan masu manyan injuna suka yawaita na ƙasa ne zai ji a jikinsa. Shi ya sa sabis ke yin nauyi a Gesse bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida ya ɗauki waya. Shi ya sa kuma duk ranar da dubban mutane suka taru wuri ɗaya, kamar yadda ake yi a bakin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 aka kuma farfaɗo da shi a Maris 2020 bayan dogon hutu, waya za ta iya nuna sabis a cike amma hoto ya ƙi tafiya. Sandunan da ke saman fuskar waya ƙarfin saƙon kawai suke nunawa, ba sa faɗin mutum nawa ake rabawa da su.

Bayan ƙarfen ma akwai sauran tafiya. Saƙon kan bi ta zaren gilashi da aka binne a gefen hanya, ko ta faranta masu harba saƙo daga ƙarfe zuwa ƙarfe, har ya kai Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 na 2010, da Equiano na 2022, suke haɗa ƙasar da sauran duniya. Ranar 14 ga Maris 2024, da huɗu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace a tekun da ke daura da ƙasar Kwaddibuwa, bankuna da masu waya a faɗin Nijeriya sun ɗanɗana kuɗarsu. Ƙarfen kansa kuma ba ya barci, kuma inda wutar lantarki ba ta tsayawa da man dizal ake riƙe shi, kayan gyaransa kuwa da dala ake sayo su. Bayan da darajar naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, NCC ta amince a Janairu 2025 da ƙarin kuɗin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, wanda shi ne irinsa na farko tun 2013. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, data ma ta bi sahu.

To, amma kwatancin gulbi yana da inda ya tsaya, kuma a wurin ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. Ruwan da ba a ja yau ba yana nan gobe, ƙarfin ƙarfen sabis kuwa ba a adana shi. Abin da ba a yi amfani da shi da ƙarfe uku na dare ba ya tafi ke nan. Wannan ne sirrin arahar datar dare. Ashe cunkoso na wasu 'yan awoyi ne da wasu wurare, alhali gigabait ɗin da ake sayarwa ana cire shi daidai wa daida ko layin cike yake ko babu kowa a kai. Iyakar data, saboda haka, rabinta larurar kimiyya ce, rabinta dabarar kasuwa. Wa'adin kwana 30 da ake ɗora mata kuwa babu wata dokar kimiyya da ta wajabta shi, domin bait ba tumatir ba ne da zai ruɓe. Hukumar NCC ta taɓa wannan batu a 2018, inda ta umarci kamfanoni su riƙa ƙara wa mai saye ragowar datarsa idan ya sabunta cikin ƙayyadadden lokaci. Haka nan tsarin da ake tallatawa da sunan marar iyaka, galibi akwai sharaɗi a ƙasansa cewa idan an kai wani adadi za a rage saurin.

Yaushe canjin waya ke da dalili?

Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa, su suka fi yawa a hannun jama'a, kuma kusan kowace shekara sai an fito da sabon samfuri. Ba kowane sabon samfuri ne ke da sabon amfani ba. Akwai dai dalilai na haƙiƙa. Idan babbar manhajar waya ta tsufa, kamfanoni kan daina tallafa mata, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da ba su kai Android 5 ba tun daga Oktoba 2023, kuma wayar da ta daina samun gyaran tsaro haɗari ce ga mai hulɗar banki da ita. Wayar da ba ta wuce 3G ba ita ma ta cancanci hutu, domin 4G ya fi iya sarrafa zango, har ma ana iya cewa mai tsohuwar waya ya fi cinye wa maƙwabtansa wuri a kan ƙarfe. Amma idan matsalar batir ce kawai, to batirin litiyam dama yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa bayan 'yan ɗaruruwan caji, zafin Maris da Afrilu na Kebbi da ke haura digiri 40 kuma yana gaggauta hakan, kuma canza batir bai kai ko kusa da kuɗin sabuwar waya ba.

Batun 5G yana bukatar natsuwa. Zangon da aka yi gwanjonsa a 2021 na megahaz 3,500 ne, wanda tsawon igiyarsa bai kai santimita 9 ba, alhali na megahaz 900 ya kai santimita 33. Gajeriyar igiya tana ɗaukar kaya da yawa amma ba ta nisa, kuma bango yana raunana ta, don haka tana bukatar ƙarafa masu yawa kusa da juna, abin da kamfani ba ya yi sai inda yake da tabbacin ciniki. Lokacin da MTN ya fara 5G a 2022, birane bakwai ya zaɓa: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Mazaunin Gesse ko Argungu da ke shirin ƙara kuɗi saboda alamar 5G da ke jikin kwali, ya kamata ya fara tambayar kamfanin layinsa ko sabis ɗin ya iso unguwarsu, domin inda babu shi wayar 4G za ta koma.

Wanda ya riga ya saya kuwa, maganin yana cikin saitin wayar. Kowace wayar Android tana da shafin da ke nuna adadin datar da kowace manhaja ta ci, kuma mafi yawan masu zargin kamfani ba su taɓa buɗe shi ba. Daga nan ake kunna tsarin tsimin data, a hana manhajoji aiki a bayan fage, a tsayar da bidiyo a 360p ko 480p, wanda a fuskar da ba ta wuce tafin hannu ba ya wadatar ga karatu da wa'azi da labarai, a kuma hana WhatsApp sauke bidiyo sai an taɓa. Fim ɗin da aboki ya riga ya sauke ana iya tura shi waya zuwa waya ta Xender ba tare da an taɓa data ba, wadda ita ce hikimar da masu shagunan tura fina-finai suka daɗe suna cin abinci da ita. Idan an yi duk wannan, sai a rubuta abin da wayar ta ƙirga na mako guda, a gwada shi da ragowar da lambar *323# ke nunawa. Ɗan bambanci ba abin mamaki ba ne, domin wasu na'urori suna ɗaukar kilobait a matsayin bait 1,024 maimakon 1,000, wanda a matakin gigabait yakan kai kashi bakwai cikin ɗari. Idan ratar ta wuce haka nesa, sai a kira kamfanin a lamba 300 a karɓi lambar ƙorafi, in kuma ba a samu biyan bukata ba a kira NCC a 622, wanda kyauta ne.